Kwaɗo a Ɗakin Albasa

Wurno,
Jihar Sakkwato.
Lahadi, 11 ga Agusta.

Zuwa ga Yaya Ja'afar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa daga nesa, ina fata wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mahbuba da ɗiyarku Fatimatuzzahra. Allah shi ƙara maka lafiya da basira, shi tsare ka wurin aiki, shi sa zaman da kake yi a Turkiyya shi zama alheri gare ka da mu baki ɗaya. Mu nan gida lafiya lau muke, alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan suna da kanta. Kaka Habi tana nan yadda ka bar ta, ba ta ji sosai, sai abin da ba a so ta ji. Gero ya yi kyau bana, ya fara fid da kai, waken gonar tudu ma ya kama. Ƙanwarmu Mashkura ta gama jarrabawa, ita ce za ta ɗauki hoton takardar ga da wayarta ta turo maka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan gari ya waye sosai, na ɗauki littafin nan da ka ba ni na shiga ɗakin albasa in duba ma'aunin zafi kamar kullum. Ina buɗe ƙofa wari ya tare ni, irin na rigar da anka jiƙa anka manta da ita cikin bokiti. Na durƙusa bakin bututu na sa tafin hannu in ji iska. Fanka ba ta juyawa, don kwana uku ke nan rana ba ta fito ba. Ina nan durƙushe sai na ji motsi daga ciki, can sai ga kai ya leƙo ta inda ragar bakin bututun ta ɓalle. Kwaɗo ne, Yaya, ƙato, jikinshi sharkaf da ruwa. Ya fito a hankali ya zauna bisa siminti, ya dube ni, na dube shi, kamar ni ne baƙon. Sannan ya yi tsalle ɗaya ya haye gadon katako na ƙasa da munka shimfiɗa albasa bisa. Na ɗaga kai na duba ma'auninka. Ashirin da tara. Na rubuta ashirin da tara, don abin da ka ce in riƙa rubutawa ke nan, kuma babu layin kwaɗo a littafin. Ba ni kaɗai na gan shi ba, zan kawo maka sunayen shaidu a ƙarshe, don na san ka da neman hujja.

Na san za ka ce mi ya hana ni kiran waya. Na kira, sau huɗu tun farkon Yuli. Kowane kira iri ɗaya ne: in hau katangar makaranta in nemi sabis, in fara magana, ka tambaye ni lamba nawa ma'auni ya nuna, in ce ashirin da tara ko talatin, ka ce to ai komai lafiya, ka ce kana cikin aiki, layi shi yanke. Sau ɗaya na samu na ce maka ɗakin shina wari, ka ce albasa dama wari gare ta, har ka yi dariya. Yaya, shekara goma sha huɗu ina juya albasa da hannuna, na san warinta na lafiya, na san na ciwo. Shi ya sa na zauna da biro. Takarda ba ta yankewa, kuma ba ka iya katse ta ka tambaye ta lamba nawa.

Bari in bi abin daga farko, ba don ka manta ba, sai don ka ga inda hanya ta karkace. Da ka zo azumin bana ka zaunar da mu a zaure ka ba mu labarin tashar wutar da kake aiki. Ka ce can kuna haƙa rami mai zurfin da ya fi daga gidanmu zuwa tashar mota, ku iske ruwa mai tafasa cikin ƙasa, ku jawo shi sama, zafinshi shi tada tururi, tururi shi juya inji, inji shi ba garuruwa wuta. Ka ce abin da ya fi burge ka shi ne cikin ƙasa bai san bazara ba bai san damina ba, dare da rana zafinshi ɗaya, ba kamar sola ba da ɗan hadari ke kashewa. Daga nan ka ce mu nan ba mu da ruwan zafi a ƙasa, amma muna da ɗan'uwan abin: in anka haƙa tsayin mutum da rabi, sanyin wurin ba shi canzawa ko rana na ƙona bisa. Ka zana ɗaki, ka zana dogon bututu a binne, iska ta shiga ta can bakin lambu, ta bi cikin ƙasa ta huce, fankar sola ta jawo ta cikin ɗaki ta ratsa albasa. Ka ce da wanga za mu riƙe albasa har bayan damina, lokacin da take daraja, ba tare da rana ta shanye ta ba. Lauwali mahaƙin rijiya na Kwargaba ya zo da mutanenshi, munka yi haƙa da azumi a baki, ni ma ina ciki, har yau kantar tana hannuna. Bayan Sallah da kwana biyar munka zuba albasar bana duka, buhu tamanin da shida, aikin rani guda, kai kuma ka koma.

Gaskiya ɗaya ba zan ɓoye ta ba, cikin bazara abin ya yi aiki. Lokacin da ma'auni ke nuna arba'in da uku a inuwar dogon yaro, ɗakin na nuna talatin da ɗaya. Iskar busasshiya ce, albasa ta kwanta lafiya, ɓawonta ja kamar an shafa mata mai. Sai dai ba albasa kaɗai ta ji daɗi ba. Baba ya mai da wurin zaure na biyu. Bayan azahar za ka iske dattawa huɗu biyar sun shimfiɗa tabarma tsakanin gadajen albasa suna barci, kowa na son bakin bututu. Wani Alhaji ya taso tun daga Rabah da mota don shi sa hannu shi ji, ya ji, ya yi kabbara. Ranar ce Baba ya faɗi maganar da ta ɗaure mu yanzu. Gaban Alhajin da dattawa ya ce an gama da rudu a gidan Malam Mode, rudu na wanda bai kai ɗanshi makaranta ba ne. Ina tsaye wurin riƙe da butar shayi. Washegari ya sa ni na kwance rudunmu biyu na kara da ciyawa, masu ƙafafu bisa ƙasa, waɗanda iska ke ratsawa ta ko'ina, tun marigayi kakanmu Siddiq a cikin irinsu muke ajiya. Na kwance, amma ban kai itacen murhu ba kamar yadda ya ce. Na jera su bayan ɗakin Kaka Habi na rufe da zana.

Kuma kada ka ce laifin duka na ɗora maka, mutanen gida sun ba da tasu gudummawa. Ka tuna ƙananan tagogi uku da ka sa anka bari can sama kusa da rufi don iska ta fita? Kana tafiya ka ce a kula kada zafi shi shiga. Baba ya riƙe wagga kalma da hannu biyu. Ya kwaɓa laka da kanshi, ya hau tsani ya liƙe su ruf, yadda shike liƙe bakin rumbun gero bayan girbi. Na ce mishi gero ne ke son a toshe shi, albasa numfashi take yi. Ya ce ni da injiniya wa ya fi sani. Inna kuma da ta ji an ce sanyin daga ƙasa shike fitowa, sai ta ɗauke shi randa. Kullum da hantsi ta ɗebo bokiti uku ta kwarara bisa layin da bututu ya bi, yadda take jiƙa yashin gindin randarta. Da na yi magana ta ce tun ban zo duniya ba take sanyaya ruwa. Cikin bazara waɗanga abubuwa ba su nuna ba, don iskar da kanta ƙishirwa take ji, komai ka ba ta shanyewa take.

Ruwan farko ya sauka tsakiyar Yuni, daga nan abin ya juya. Iskar damina da laima take tafiya. In ta shiga bututu mai sanyi sai ta yi gumi, kamar kwalbar lemo in an fid da ita daga firij. Na fara ganin ɗigo a bakin bututu, daga baya katakon gadaje ya fara baƙi. Ga shi duk ranar da anka tashi da lumshi fanka sai ta yi juyi biyu ta tsaya, ɗaki rufe, tagogi liƙe, laimar ta wuni ta kwana bisa albasa. Wanga duk kafin ƙasar da kanta ta tashi. Kai ka auna ƙasarmu cikin Maris, ka zura ma'auni rijiyar Kaka da igiya gaba huɗu kafin shi taɓa ruwa. Yau rijiyar nan Mashkura na ɗibar ruwa da igiyar da ba ta kai zanenta tsawo ba. Gidanmu bakin fadama shike, Yaya. In marka ta kama, gulbi ba ta bisa kaɗai shike zuwa ba, ta ƙarƙashi ma shina zuwa. Ranar haƙa na faɗi haka, Lauwali ma ya faɗa, ka ce gam ɗin da anka haɗa bututu da shi ba shi barin ruwa. Jiya na sami doguwar gora na zura ta bakin lambu, ta fito jiƙe kusan taƙi guda, da ɗiyan kwaɗi masu wutsiya manne a jiki. Iskar da ke zuwa ga albasarmu bisa tafki take bi.

Yanzu ga halin albasar. Ta gadon ƙasa ta fara fid da saiwa, fari fat kamar gemun tsoho, wasu sun tsiro kore. Ta tsakiya baƙar hunhuna ta shiga ƙarƙashin ɓawo, in ka matsa wuya sai ruwa. Kowace safiya ina tsince masu laushi. Farkon Yuli rabin kwando nike fitarwa, makon jiya kwando biyu, yau uku. A ƙiyasina buhu goma sha ɗaya sun tafi, kuma ka san ruɓar albasa ba ta tsayawa inda ta fara. Awaki ma sun daina kallon abin da nike zubarwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina da abin gwadawa cikin gida ɗaya. Ranar zubi Kaka Habi ta ƙi a sa nata kwando takwas cikin ɗakin. Ta ce iskar da ta biyo ƙarƙashin ƙasa ta waɗanda sunka riga mu ce, ita ba ta gaggawar shaƙarta. Anka yi mata dariya, ni kuma na kafa mata ɗan ƙaramin rudu bayan ɗakinta, ƙafafu bisa duwatsu, da jinkar ciyawa. Albasa ɗaya ce, lambu ɗaya, rana ɗaya anka cire. Cikin bazara tata ta ɗan rame, ban musa ba. Amma shekaranjiya na juya ta duka, guda tara kacal na fitar, sauran in ka taɓa ɓawonsu na ƙara. Yanzu in na wuce da kwandon ruɓaɓɓu sai ta tambaye ni ina labarin masu firij.

To ga abin da ya sa na daina yin shiru. Mako uku da sunka wuce ka turo wa Mashkura saƙon murya, ta kunna a tsakar gida muna cin tuwo. Dama tun farko ita ta tambaye ka mi ya sa muryarka ta dushe, kai kuma kana ba ta labarin wahalar aiki. Ka ce can ma zafi ya kama, kuma duk ranar da rana ta take, daga azahar zuwa la'asar wutar da tasharku ke bayarwa sai ta sauka, wani lokaci har kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ce ruwan da ke fitowa daga ƙasa zafinshi bai ragu ba ko kaɗan, amma tururin da ya gama juya inji dole a sanyaya shi shi koma ruwa kafin shi sake zagayowa, kuma manyan fankokin da ke wanga aiki iskar waje suke ja, in iskar ta yi zafi ba su da abin sanyayawa. Ka ce kun wuni kuna wanke ƙarafan gaban fankoki, kuna fesa ruwa don iskar ta huce, ruwan fesawar ma an ƙayyade muku shi saboda bana sama ba ta bayar sosai can ba. Ka ce lokacin sanyi ne injin ke cika ƙarfinshi, amma shi ma da nashi, sai kun naɗe ƙananan bututu don kada ruwa shi daskare ciki shi fasa su, kuma tsawa ɗaya in ta faɗa bisa layin wuta sai komai shi tsaya ku tashi da gudu. Na sa Mashkura ta maimaita saƙon sau uku. Tuwon nan ban gama shi ba.

Ni ban yi karatu ba, amma ga yadda na fahimce shi, in na yi kuskure ka gyara mini. In muna ban ruwa, ruwa ba shi gudu cikin hanya sai bakin hanyar ya fi ƙarshenta tudu. In ƙarshen ya cika ya taso kusa da bakin, ruwa sai shi yi lalaci, ko injin ban ruwa na ta kuka. Naku ma haka ne, zafi a ƙasa, sanyi a bisa, tsakaninsu injin ke samun gangare. In bisa ya yi zafi, gangaren ya ragu. Ke nan rabin injin cikin ƙasa shike, rabi a hannun sama. To Yaya, naku da kunka haƙa har ba a ganin ƙarshenshi, da injiniyoyi cike da mota, bai tsira daga yanayi ba, kuna da aikin zafi daban aikin sanyi daban. Ta ina namu na tsayin mutum da rabi, a bakin fadamar Rima, da fanka ɗaya mai jiran rana, za shi wuce bazara da damina da tsari ɗaya? Kai da bakinka ka ce da safe abin da kuke fara dubawa ba ramin ruwan zafin ba ne, hasashen yanayi ne. Mu kuma ka bar mu da ma'auni ɗaya wanda bai san komai ba sai zafi. Albasa tana jure zafi, tun kakanni cikinshi take kwana. Laima ce ba ta jurewa, kuma ma'auninka ba shi ganinta.

Na kai wa Baba wagga magana ba sau ɗaya ba. Na kai mishi albasa a hannu na yanka ta gabanshi, ya ce kowace shekara ana samun ruɓa. Na roƙe shi ko tagogin nan shi bari in fasa, ya ce wanda ya zana ɗakin shi kaɗai ke da ikon taɓa shi, ni kuma ban tuna mishi wanda ya hau tsani da laka ba. Na bi ta wurin Inna, ta yi mishi magana bayan la'asar, ya ce ta ji da randarta. Na sa Lauwali ya zo takanas ya yi bayanin ruwan ƙasa yadda ya san shi shekara talatin. Baba ya saurare shi tsaf, ya sa anka kawo mishi fura, ya raka shi har bakin hanya, ya dawo ya ce sai abin da Ja'afar ya ce. Kalmar ke nan kullum, sai abin da Ja'afar ya ce. Kai kuma in anka kira ka, sai abin da ma'auni ya ce. Ma'auni kuma ya ce ashirin da tara. Ni ina tsakiya da kwando. Zan iya tashi wata safiya in kwashe albasar ba da izninshi ba, ƙarfi bai gagare ni ba, kuma Allah ya sani na yi tunanin haka. Amma Baba ya yi magana gaban mutane. In ni na warware ta, na kunyata shi a unguwa, a ce ƙaramin da ya tsaya aji shida ya ƙaryata babban. Wanga abu kam, buhu tamanin ba su gyara shi. Kai kaɗai ne in ka warware, za a ce injiniya ya sake lissafi.

Lokaci kuma ba shi jiranmu. Mujaheed ɗan Goggo, mai kamun kifi a madatsar Goronyo, ya biyo ta nan ran Juma'a ya kawo wa Inna bandar kifi. Ya ce ruwa ya cika har ya haye inda suke ɗaure jirage, kuma ana ta faɗa wa mutanen bakin gulbi su shirya, don in sama ta ci gaba haka za a buɗe ƙofofi. Ka san abin da ke biyo baya wurinmu, kwana biyu uku fadama ta sha, rijiyoyi su ƙara tasowa. Ranar da haka ta faru bututun ba rabi za shi cika ba, ga shi ƙasan ɗakin ya fi tsakar gida zurfi, haka nan ka zana shi. Ba ni son in ga albasarmu tana iyo. Ni kam a shirye nike. Itacen rudu na nan bayan ɗakin Kaka, na duba, gara ba ta taɓa su ba. Na tanadi zana da ciyawar jinka, na zaɓi wuri bisa tudun bayan gida inda iska ke kaɗawa, na jera duwatsun ƙafa ina cewa na garken awaki ne. Lauwali da Mujaheed sun ce za su kama mini. In anka samu yini biyu ba ruwa, mu kafa, mu baza albasa ta sha iska, mu tsince, ta hau. Abin da nike ganin za mu tsira da shi ya kai buhu saba'in in anka yi cikin makon ga. In anka kai wani mako, ban san lambar ba, kuma ba ni son in sani.

Abin da nike roƙo bai kai minti biyu ba. Ka yi saƙon murya zuwa ga Baba, ba gare ni ba, ba ga Mashkura ba, ka fara da gaishe shi, yadda za shi iya kunna wa dattawa a ƙofar masallaci. Ba sai ka ce ka yi kuskure ba, ni ma ban ce ɗakin banza ne ba. Ka faɗi abin da ka faɗa wa Mashkura, cewa ko babbar tashar da kake aiki tana da tsarin zafi da tsarin sanyi. Ka ce ɗakin na bazara ne, in ruwa ya sauka albasa ta koma rudu, a fasa tagogi, a bar bututu shi bushe sai rani. Wagga gaskiya ce, kuma Baba za shi ɗauke ta da alfahari, har shi ƙara mata gishiri. Amma don Allah kada ka ce in fara turo maka lambobin mako guda, kada ka ce a jira ma'aunin laima da za ka aiko ta hannun mai zuwa watan gobe. Ka aiko shi, ina so, zan koyi duba shi, sai dai kafin shi iso kwaɗi sun yi jikoki a ciki. In ka dawo da rani mu zauna ni da kai da Lauwali mu ga ko za a ɗaga bututun ko a mai da shi tudu. Ina da abubuwan da na lura da su, na rubuta su a bayan littafin, inda babu layi.

Baba shina gaishe ka, bai san abin da ke cikin takardar ga ba, ya ɗauka lambobi nike kwafe maka. Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa shan ruwa da yawa tunda can ma zafi, ta kuma ce a tambayi Mahbuba ko kukar da daddawar da ta ba ku sun ƙare. Kaka Habi ta ce a gai da angonta na Turkiyya, ta ce in ka rasa albasar miya ka aiko, tana da ita. Mashkura da Goggo da Mujaheed da Lauwali duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Anti Mahbuba da kyau, ka shafa kan Fatimatuzzahra ka ce mata Baffanta ya aje mata ɗan akuya mai farin goshi. Allah shi sada mu da alheri, shi ba ka ikon yin abin da ya dace cikin lokacinshi.

Wassalam.
Ni ne ƙaninka mai girmama ka,
Zayyanu Mode Wurno.

Na sa hannu har na naɗe takardar, sai na tuna na yi maka alkawarin shaidu. Mashkura ta gan shi, tana shara ta ji na yi salati ta leƙo. Lauwali ya gan shi, ya biyo ɗaukar tsaninshi da ya bari wurinmu, ya duba ya ce wanga ba jiya ya tare ba. Kaka Habi ta gan shi, har ta yi mishi sannu da zuwa. Na huɗun an hana ni faɗa, kwana uku ina juya abin a raina. Baba ne. Shina tsaye bayana bakin ƙofa tun kwaɗon bai gama fitowa ba. Ya shiga, ya sunkuya ya kama shi da hannunshi, ya sa cikin hannun riga, ya kai shi har bakin fadama ya sake. Da ya dawo ya ɗauki albasa ɗaya daga gadon ƙasa ya matsa wuyanta, ruwa ya biyo yatsunshi. Ya daɗe shina kallonta. Na ce mishi to mu kwashe, ya girgiza kai. Sannan ya ce mini a hankali, yadda sauran ba su ji ba, kada in kuskura in faɗa maka, yaron shina ƙasar mutane, kuma wanga ɗaki shi ne abu na farko da ya gina wa gidan ubanshi. Ka ga ke nan, Yaya. Ya sani. Ya fi kowa sanin albasar nan, amma gara mishi shi rasa ta da shi ɓata maka rai, kuma ba shi da mai sakin hannunshi sai kai. Shaidu huɗu ke nan: Mashkura, Lauwali, Kaka Habi, da Baba.